Windows 10 Ta Zama Marainiya: Kira Ga Masu Kasuwanci

Aikina kula da kwamfutocin ƙananan kamfanoni ne: kantunan magani, makarantun kuɗi, ofisoshin akantoci da wuraren buga takardu. Duk inda na tayar da zancen sauya Windows 10, amsar kusan ɗaya ce: "Malam, ai tana aiki lafiya lau, me za a canja?" Gaskiya ne tana aiki, kuma za ta ci gaba da aiki. Haɗarin ke nan, domin yadda take aiki ba zai nuna wa mai ita cewa an daina kare ta ba.

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, wadda ya fitar a Yulin 2015. A ranar ce kuma tallafin Office 2016 da Office 2019 ya ƙare. Har yanzu kwamfuta tana kunnuwa, firinta tana buga rasit. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaron da ake aikowa ranar Talata ta biyu a kowane wata domin toshe kafofin da aka gano. Windows 10 da Windows 11 sun yi tarayya a sassa da yawa, saboda haka duk lokacin da aka toshe wata kafa a sabuwar, masu kutse za su nazarci facin, su gane inda raunin yake, su nufi tsohuwar da ba a toshe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon babu mai sake yaɓe shi. Manhajar antibairos tana taimakawa, amma ba ta gyara raunin da ke cikin Windows kanta.

An taɓa ganin abin da rashin faci ke jawowa. A watan Mayun 2017 manhajar WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila, hukumar lafiya ta NHS ta soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Tun a watan Maris Microsoft ya fitar da facin wannan kafa, amma da yawa ba su saka ba. Waɗancan suna da magani a hannu suka yi sakaci. Wanda ya zauna a kan Windows 10 bayan wa'adi, maganin ma ba zai zo masa ba.

Matakin farko shi ne ƙidaya. A rubuta kowace kwamfuta da ke wurin, da aikin da take yi, da manhajojin da ke kanta. Sai a saka mata PC Health Check, manhajar Microsoft ta kyauta, wadda za ta faɗa ko za ta ɗauki Windows 11. Ana buƙatar RAM gigabait 4 aƙalla, ma'adana gigabait 64, da guntun tsaro na TPM 2.0, sannan furosesa ta Intel ta kasance zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Sau da yawa nakan tarar TPM ɗin yana nan, kashe shi kawai aka yi a BIOS. Kunna shi aikin 'yan mintoci ne, kuma hawa Windows 11 kyauta ne ga mai lasisi na gaskiya.

Inda na fi jin tsoro shi ne kasuwar kwamfutoci na hannu. Abin da kamfanonin Turai da Amurka suka sallama, shi ke sauka a kasuwanninmu, tsaf-tsaf, da araha. Mai saye ya ga tambarin Core i7 sai ya ɗauka ya yi dace. Tambarin ba ya nuna shekaru. Lambar da ke biye ce ke nunawa. A i7-6600U, 6 ɗin farko na nufin zubi na shida, Windows 11 ba ta amince da ita ba. A i5-8250U kuwa, 8 ne, ta cancanta. Kada a biya kuɗi sai an ga wannan lamba da ido. A kuma yi hattara da mai gyaran da zai ce zai tura Windows 11 da dabara a kan injin da bai cancanta ba. Takan hau, amma Microsoft ya bayyana cewa bai lamunce wa irin wannan kwamfuta sabuntawa ba.

Ga kwamfutar da ba za a iya sauyawa yanzu ba, akwai shirin ƙarin wa'adi na ESU: dala 61 kan kowace kwamfutar kamfani a shekarar farko, kuɗin na ninkuwa duk shekara, iyakarsa shekara uku. Wannan sayen lokaci ne kawai. Wadda aikinta bai wuce intanet da rubutu ba, Linux Mint ko Ubuntu za su ƙara mata shekaru ba tare da ko kwabo ba. Wadda ke riƙe da tsohuwar manhajar da ba ta da madadi, a raba ta da intanet gaba ɗaya.

Kafin a taɓa komai, a kwafe bayanai zuwa wuri biyu, a kuma buɗe kwafin a tabbatar yana aiki. A fara da kwamfuta ɗaya, a gwada manhajar lissafi da firinta da sikana a kanta, sannan a bi sauran kaɗan-kaɗan. Wadda za a sayar ko a kyautar, a goge ma'adanarta sarai.

Bayanan da ke cikin waɗannan injina ba na mai kamfani ba ne shi kaɗai. Akwai sunayen marasa lafiya, sakamakon ɗalibai, albashin ma'aikata da lambobin asusun abokan ciniki. Amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su. A yi ƙidayar a wannan makon, a tsara kuɗin sauyin ba tare da ɓata lokaci ba, tun ana da zaɓi.