MAI FEƊE RAGON LAYYA DA AIKIN AFENDIS

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daren jiya bayan sallar Isha'i muna zaune a ƙofar masallaci, wani matashi cikin ɗalibanmu ya miƙo min waya ya ce, "Malam, kalli wannan." Bidiyo ne a YouTube na yadda ake cire afendis. Da ya ƙare sai ya ce, "Yanzu Malam a kan wannan ake karɓar makudan kuɗi a asibiti? A yanka, a jawo, a ɗaure, a ɗinke. Ni fa duk Layya ni nake feɗe ragunan gidanmu."

Muka yi dariya, har da ni. Wani dattijo a gefe bai yi ba. Ya ce a ƙauyensu akwai wani da ya taɓa aikin goge-goge a wani asibiti, yanzu "Dakta" ake ce masa, kuma a ɗakin bayan kemis ɗinsa yana buɗe cikin mutane. Nan dariyar ta tsaya. Shi ya sa na ga ya kamata darasinmu na yau ya zama a kan wannan.

Shi afendis ɗan tsiro ne kamar yatsa, a maƙale a farkon babban hanji, a ƙasan ciki ta dama. Idan bakinsa ya toshe sai ya kumbura ya yi mugunya. Ciwon yakan faro daga wajen cibiya, bayan wasu awanni ya koma ƙasa ta dama, ga rashin son abinci, ga amai, ga zazzaɓi. In aka bar shi yana iya fashewa, ƙazantar hanji ta malale cikin ciki, kuma wannan yana kisa.

Na ce wa ɗalibin nan: ɗana, ragon da kake feɗewa ya riga ya mutu. Ba a taɓa ce maka ka mayar da kayan cikinsa ka ɗinke ya tashi ya ci dusa ba. Likita kuwa mai rai yake buɗewa, zuciya tana bugawa, jini yana gudu, kuma ana jiran ya mayar da shi gida ga iyalinsa.

Kuma tun kafin a ɗauki wuƙa akwai tambaya: afendis ɗin ne ma? Wannan ciwo na ƙasan ciki ta dama, taifod da ta huda hanji tana kawo irinsa. Tsakuwar ƙoda tana kawo irinsa. A mace kuma, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ko ƙwan mace da ya murɗe, duk suna iya zuwa da wannan kama. Wanda aiki ɗaya ya haddace daga bidiyo, in ya buɗe ya tarar da afendis lafiya lau amma ciki cike da jini, me zai yi? Ya tsayar da bidiyon ya nemo wani?

A bidiyo ana zaɓo aikin da ya tafi daidai ne a nuna. A zahiri sau da yawa afendis ɗin ɓuya yake yi a bayan hanji, wani lokaci ya manne da abin da ke kusa da shi saboda kumburi. Yana da jijiyar jini tasa, in ɗaurinta ya kwance mutum zai yi ta zubar da jini a ciki bayan an ɗinke fata, waje tsaf, ciki ana mutuwa. In kututturen da aka bari bai ɗauru da kyau ba, kashi zai riƙa yoyo. Ban ma zo kan allurar barci ba, wadda ita kaɗai fanni ce da likita yake shekaru yana koyo, domin mutum yana iya daina numfashi a ƙarƙashinta. Ina injin tafasa kayan aiki? Ina jinin da za a ƙara in ta ɓaci? Wallahi ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

A Najeriya sai mutum ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, ya ƙara shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manya, sannan hukumar likitoci ta ƙasa ta ba shi cikakken lasisi. Mai son zama ƙwararren likitan tiyata kuma sai ya ƙara wasu shekaru biyar ko shida. Yawancin wannan lokaci yana tafiya ne wajen koyon abin da za a yi idan abin da aka tarar ya saɓa wa abin da aka zata.

Sai ɗalibin ya kawo hujja, kuma na ji daɗi da ya kawo ta. Ya ce ai akwai Baturen da ya yi wa kansa. Gaskiya ne. Leonid Rogozov sunansa, ɗan Tarayyar Sobiyet, a shekarar 1961 a sansanin masu bincike a Antatika, can ƙarshen duniya inda ƙanƙara ta rufe hanya, ba jirgin da zai iya zuwa. Ya yi wa kansa allurar kashe zafi, abokan zamansa suna riƙe masa madubi da kayan aiki, ya yi kusan awa biyu, ya cire, ya warke. Amma shi likitan tiyata ne, kuma shi kaɗai ne likita a wurin. Akwai kuma Wheeler Lipes, ma'aikacin lafiya na sojan ruwan Amurka, wanda a 1942 ya yi wa wani soja wannan aiki a cikin jirgin ƙarƙashin teku lokacin yaƙi, da cokula da aka lanƙwasa. Sojan ya rayu, amma manyan likitocin soja ba su yi murna da abin ba, don gudun kada wasu su kwaikwaya. Wannan ita ce larura. Wanda mota ko babur zai kai shi babban asibiti kafin Asuba ba ya cikinta.

To mene ne hukunci? Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisi daga Amru ɗan Shu'aibu, daga babansa, daga kakansa, wanda ma'anarsa ita ce duk wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, to lamunin ɓarnar da ta auku yana wuyansa. Abu Dawud da kansa ya yi shakka a kan ingancinsa, Albani ya ce hasan ne, amma malaman fiƙihu sun yi aiki da ma'anarsa. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya kasa masu magani kashi biyar. Ƙwararren da aka ba izini, ya yi aiki yadda ya kamata, sannan ajali ya zo, babu komai a kansa. Jahilin da ya bar mara lafiya yana zaton likita ne, shi zai ɗauki lamuni. Ibnu Rushd kuma, malaminmu na Malikiyya, ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa wanda ba ma'abocin sani ba ne ana yi masa bulala, a ɗaure shi, ga kuma diyya. Ku lura, ba a ce sai in ya yi mugun nufi ba. Cewa "taimako na yi niyya" ba ya sauke diyya. Haka nan in wanda ya yanka ya tashi, wannan bai mayar da aikin halal ba, Allah ne Ya tsare.

Kuma tantance likitoci tsohon abu ne a wurinmu. A shekarar 319 bayan Hijira, da wani mara lafiya ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya sa Sinan ɗan Sabit ya jarraba masu magani na birnin, sama da mutum 800, kafin a bar su su ci gaba.

Na san abin da ke kai mutane ɗakin bayan kemis. Kuɗi ne, da nisa, da wulaƙancin layi. Ba na raina wannan. Amma wanda aka ɓata wa ciki a can, asibitin da aka guda nan ake komawa da shi, da aiki biyu maimakon ɗaya, in ya kai. Shi ya sa na ce wa kwamitin masallacinmu, kuɗin da muke ajiyewa na sabon fenti a ware wani abu daga ciki don irin wannan dare.

In ɗanka ko matarka suka kama ciki irin yadda na faɗa, kada a ba su abinci, kada a ba su maganin wankin ciki, kada a kira mai danna ciki ko wanzami. A nemi abin hawa a daren, kada a jira gari ya waye. In kuma ba ka san wurin da aka kai ka ba, kuma an ce sai an yi aiki, babu rashin kunya ka tambaya wane ne zai yi, kuma ina lasisinsa.

Wallahu a'alam.