Kafin Ka Ɗora Manhajarka a Kan Ethereum

Idan kana son gina manhajar da ba kamfani ɗaya ke riƙe da ragamarta ba, fara sanin cewa abin da ka ɗora a blokcen zane ne a kan dutse. Ethereum, wadda ta fara aiki a 2015, tana gudanar da kwangiloli masu zartar da kansu, galibi rubutattu da harshen Solidity. Da zarar kwangila ta hau, dubban kwamfutoci sun riƙe kwafinta, ba ka da halin goge kuskure.

Saboda haka gwada tukuna. Rubuta kwangilarka a manhajar Remix, ka ɗora a dandalin gwaji na Sepolia, inda kuɗin ba na gaske ba ne. Ga misalin illar kuskure: a 2016 wata ɓaraka a kwangilar The DAO ta ba ɓarawo damar maimaita cire kuɗi kafin a rage masa lissafi, ya kwashe kimanin ether (kuɗin Ethereum) miliyan 3.6. Darasin a fili yake: rage lissafi, sannan ka tura kuɗi. Inda akwai gwadaddiyar kwangila ta OpenZeppelin, yi amfani da ita.

Kowane rubutu a blokcen yana cin kuɗin gas, kuma ajiyar bayanai ta fi komai tsada. Hotuna da manyan fayiloli kai su IPFS, ka ajiye adireshinsu kawai a kwangila.

Mabuɗin sirrin lalitarka kuwa, kada ya shiga lambobin da za ka tura GitHub. Wanda ya same shi ya mallaki dukiyarka, kuma babu ofishin kai ƙara.