Yadda ake gano inda tururin fetur ke zurarewa a mota

Ka ajiye mota a ranar Afrilu a Jega, ka dawo ka tarar da warin fetur a bayanta, ƙasa kuma babu ko ɗigo. Tururi ne ke gudu, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan warin kuɗi ne. Motocin Kwatano irin su Corolla da Camry suna da gwangwanin gawayi da ke tsotse tururin tanki, daga baya wani bawul ya buɗe ya miƙa shi ga injin ya ƙone.

Kashe mota, a nisanta taba da wuta. Fara da marfin tanki. Duba robar bakinsa: in ta bushe ta tsattsage, sauya marfin. In lafiya take, murɗa shi har ya yi ƙas-ƙas. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In fitilar gargaɗin injin tana kunne kuma ta ƙi mutuwa bayan kwana biyu-uku ana tuƙi, a jona na'urar gwaji a ƙasan sitiyari. P0455 na nufin babbar kafa, P0442 ƙarama, P0441 tururin ba ya tafiya injin daidai, P0446 kuma hanyar shan iska ce. Kada ka yarda bakanike ya goge lambar ya ce an gama.

Sai bawul ɗin da ke wajen injin. Alamar lalacewarsa ita ce mota ta yi gardamar tashi da an gama shan mai. Cire shi ka hura: bai kamata iska ta wuce ba. Ba shi wutar batir, ya yi ƙas ya buɗe. In iska na wucewa babu wuta, ya mutu.

Daga nan shiga ƙarƙashi ka bi tiyo-tiyon da hannu. Motar da ke shiga gonakin albasa na Aliero ko ƙauyukan Maiyama tana shan ƙura, zanzaro ma kan yi gini a bakin tiyon iska. In famfon gidan mai na yawan tsayawa tanki bai cika ba, nan za ka duba.

Gwangwanin kuwa, girgiza shi. In ya yi nauyi, ko gawayi na zubowa, fetur ya jiƙa shi, sai sabo. Ɗabi'armu ce ke kashe shi: famfo ya tsaya, mu ce wa yaron gidan mai ya ƙara, har ana jijjiga mota. Kafar da ido ya kasa gani, sai garejin da ke da na'urar hura hayaƙi cikin tiyo.