Kicin Ɗina Yana Warin Gas da Asuba

Tambaya: Wata shida ke nan da na bar gawayi na koma girki da gas. Kwanan nan idan na buɗe kicin da asuba sai in ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, jim kaɗan kuma ya ɓace. Maigidana ya ce ai haka gas yake, surukata kuma ta ce in koma wa gawayina tun ban ƙone musu gida ba. Maganar wa zan bi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Don Allah kada ki sake kunna murhun nan sai an gano inda yake yoyo. A yi wa maigida bayani cikin ladabi: tukunyar gas da take lafiya ba ta wari idan tana rufe.

Gas ɗin girki, wanda haɗin furofen da butan ne, asalinsa ba shi da wari ko kaɗan. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi, makaftan, domin hanci ya kama shi tun bai taru ba. Sai da aka yi asarar rayuka kafin wannan ya zama doka. A watan Maris na 1937, a garin New London na jihar Texas ta Amurka, gas marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta ba wanda ya sani, har tartsatsin wata na'ura ya tayar da shi. Kusan mutum 300 suka rasu, galibinsu yara. A wannan shekarar jihar ta wajabta sa wa gas wari. Warin da kike ji, to, kiran gargaɗi ne.

Ɓacewarsa ma kada ta kwantar miki da hankali. Wani lokaci iska ce ta shigo da kika buɗe ƙofa, wani lokaci kuma hanci ne kawai ya saba. Sannan gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a lungu ko bakin kwata. Dare guda a rufaffen kicin ya ishe shi.

Duk sanda kika ji warin, ki rufe kan tukunyar, ki buɗe ƙofa da taga, ki fitar da yara. Kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada ki kunna fanka. Idan warin ya tafi, ki fitar da tukunyar tsakar gida, nesa da wuta. Ki dama sabulu a ɗan ruwa ya yi kumfa, ki buɗe kan tukunyar alhali murhun yana kashe, ki shafa kumfar da soso a wuyan tukunya, da regileta, da tiyo daga farko har ƙarshe, musamman wurin da aka ɗaure shi. Ki ƙura ido. Inda yake yoyo za ki ga kumfar tana hurowa, ɗaya na fashewa wata na tasowa. Sau da yawa laifin na 'yar robar bakin tukunya ce, ko tiyon da ya bushe ya tsage, ko ɓera ya ɗanɗana shi. Na taɓa ganin mai gyara yana neman yoyo da ashana, kuma har yau jikina na sanyi idan na tuna. Duk wanda ya zaro ashana, ki sallame shi.



Tsoron surukarki yana da tushe, ki gode mata. Amma gawayi a rufaffen ɗaki shi ma yana kisa, kuma gubarsa ba ta da wari. Ki canja tiyo da robar da sababbi. Idan jikin tukunyar ne ya yi tsatsa ko yake yoyo, ba a gyara ta a gida, a mayar wa masu cika gas. Kuma kowane dare, bayan an sauke tuwo, a rufe daga kan tukunya, ba daga murhu kaɗai ba.