Darasi: Tsohuwar taswira da iyakar noma a Damargu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, taswira zane ce ta ƙasa a kan takarda. Tana nuna garuruwa, rijiyoyi, kwaruruka da hanyoyi. Mai karatu yana iya karanta ta kamar wasiƙa.

A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Barth, ya sauko daga duwatsun Abzin tare da ayarin gishiri, ya ratsa Damargu. Taswirorin tafiyarsa suna cikin tsofaffin zanen ƙasarmu. A wancan zamani Damargu ce rumbun hatsin Abzinawa.

Amma zanen da ya fi shafar mu shi ne na 1961. Ran 26 ga watan Mayu na wannan shekara gwamnatin Nijar ta kafa doka mai lamba 61-05, wadda ta ja layi daga yamma zuwa gabas, ya bi ta Damargu. Kudu da layin ƙasar noma ce. Arewa da shi ƙasar kiwo ce, an hana sharar sababbin gonakin damina. Ga abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba: wanda ya shuka gero arewa da layin, in dabbobi suka cinye, doka ba ta ba shi diyya ba.

Bayan farin 1973 da na 1984 ƙasar kudu ta gaji, jama'a ta ƙaru, gonaki suka yi ta hawa arewa, har a kwarin Tarka wajen Balbeji. Burtali ya ƙuntata, wasu tafkuna suka shiga tsakiyar gonaki. Ba mu ɗora laifi a kan manomi mai neman abin da zai ci da iyalinsa, amma saniya ba ta tashi sama. Dole ta taka ƙasa kafin ta kai ruwa.

Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta sake tabbatar da layin 1961. Don haka kafin mu share sabuwar gona, mu je wurin Kofo a Tanut ko Balbeji, mu nemi a nuna mana inda burtali da makiyaya suke. Mu tafi da dattijo wanda ya san tsofaffin sunayen rijiyoyi, domin sau da yawa Turawa sun rubuta su a karkace.