Kafin Ka Ɗaure Jaka Zuwa Legas, Duba Wata

A taron ƙungiyar sashenmu da ya gabata an yi ta ja-in-ja kan balaguron ilimi da ake son kai mu tashar jiragen ruwa ta Apapa. Wasu suka ce a tafi a watan Yuni, tunda lokacin zafin bazara ya karye. Na ɗaga hannu na ce a sake shawara, aka yi mini dariya wai tsoron ruwa nake. Gaskiya ne kuwa, tsoronsa nake, kuma ina da dalili. Ganin cewa da yawanmu za mu nemi gurbin IT na shekara guda a kudu bayan kammala diploma, na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da abin da na karanta.

A Legas na yi SIWES ɗina na wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Na sauka da shadda kala uku masu sitaci, da takalmi sau-ciki na fata, ba lema ba rigar ruwa. A mako na biyu aka kwana ana ruwa. Da asuba na sauko da ƙafa daga katifa sai na ji ta cikin ruwa har idon sawu. Jakata tana ƙasa, a cikinta akwai takardar da makaranta ta ba ni da littafin da ake cike aikin kullum. Kawuna da ke sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai nan ba a ajiye takarda a ƙasa." Sai da na yi sati uku ina zirga-zirga kafin a sake mini wani littafin.

Damina biyu a shekara guda

Mu a arewa mun saba da damina ɗaya. Ruwa ya sauka wajen Mayu ko Yuni, marka ta kankama a Agusta, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Legas ba haka take ba. Damina ta fari tana somawa wajen Afrilu ta kai Yuli, kuma Yuni ne ƙololuwarta, inda ruwan wata ɗaya kan haura milimita 300. Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta sai ruwa ya lafa. Damina ta biyu, wadda ba ta kai ta farin ƙarfi ba, tana zuwa a Satumba da Oktoba. Rani kuma daga Nuwamba ne zuwa Maris. A shekara birnin kan sami ruwa sama da milimita 1,500, wato kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu.

Dalilin wannan rabo iskoki biyu ne. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Ɗayar kuma daga Sahara take, ta arewa maso gabas, busasshiya mai ƙura, ita ce ke kawo mana hunturu. Akwai iyaka inda suke haɗuwa, kuma iyakar ba a tsaye take ba. Tana haurowa arewa daga farkon shekara, ta kai ƙarshen tafiyarta wajen Agusta, sannan ta koma kudu. Ruwa mai ƙarfi yana bin bayanta ne. Don haka yankin ruwan yakan ratsa Legas sau biyu, a tafiya da a dawowa, mu kuwa da ke kusa da inda yake juyawa sau ɗaya muke samunsa. A Agusta, lokacin da muke fama da marka a Kano da Zariya, ruwan ya baro bakin teku. Ƙari a kan haka, ruwan teku a gaɓar yakan yi sanyi a wannan lokaci, abin da ke rage haɗuwar hadari. Na shaida wannan da idona: gari a lumshe, iska mai sanyi, yayyafi jifa-jifa, amma ba mamakon Yuni.

Zafin can daban ne

A ma'auni, Legas ba ta kai mu zafi ba. A Fabrairu da Maris, watannin da suka fi zafi, yakan kai digiri 33 ko kusa da haka, alhali mu a Afrilu muna haura 40. Sai dai iskar can cike take da laima, sau da yawa sama da kashi 80 cikin ɗari. Jiki yana huce zafi ne idan gumi ya bushe, to a can ba ya bushewa. Ka yi wanka, kafin ka ɓalla maɓallin riga ka sake jiƙewa. Wanki yakan kwana biyu a igiya da damina, takalmin fata kuma ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, kamar yadda nawa ya yi. Hunturu yana isa can a Disamba da Janairu, amma a gajiye yake isa. Hazo ne kaɗan da ɗan sanyin safe, wanda mutanen gari ke sa wa rigar sanyi, kai kuwa ka ji kamar an kunna maka fanka.

Me ya sa ruwa ke tsayar da gari?

Legas a kwari take, tsakanin teku da tafki, wurare da yawa tsayinsu bai wuce na ruwan teku da wani abin kirki ba. Idan aka yi ruwa mai yawa daidai lokacin da teku ta cika, lambatu ba su da inda za su juye, sai ruwan ya dawo kan titi. Shara da ke toshe kwatoci tana ƙara dagula lamarin. A Yulin 2011 an yi ambaliyar da ta ci rayuka, a Yulin 2017 kuma Lekki da Victoria Island suka cika har aka ga kwalekwale a kan titi. Ko ba a kai ga haka ba, ruwan awa biyu ya isa ya mai da tafiyar minti arba'in ta zama ta awa uku, kuɗin danfo kuma ya tashi nan take. Ga sauro, wanda can ba ya hutun rani kamar namu.

To, yaushe za a je?

Idan ziyara ce ko balaguron makaranta, ni dai zaɓina shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ja baya, gari bai cika ba tukuna. Daga tsakiyar Disamba zuwa sabuwar shekara yanayi na da kyau, amma aljihun ɗalibi ba zai ɗauka ba, domin baƙin Kirsimeti sun cika gari, masauki da mota duk sun yi tsada. Daga tsakiyar Janairu zuwa farkon Fabrairu ma lokaci ne mai kyau. Idan hutu bai ba da dama ba sai da damina, a nufi Agusta. Yuni da farkon Yuli kuwa, in dai ba dole ba, a haƙura.

Mai zuwa IT ba shi da zaɓi, duk watannin zai gani. Shawarata gare shi: kada ka biya kuɗin ɗaki sai ka dubi jikin bango, domin ruwa yakan bar alamar inda ya kai, kuma ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba. Idan da hali ka guji ɗakin da ya yi ƙasa da titi. Takardunka ka sa su a leda, ka ɗauki hotonsu a waya. Ka tanadi lema, takalmin roba, gidan sauro da kaya marasa nauyi masu saurin bushewa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da na kwanaki kuma, ka riƙa dubawa kafin fita.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci. Da yawanmu ba mu taɓa ganin teku ba, kuma iyon da aka koya a kududdufi ko dam ba ya aiki a can. Igiyar ruwan gaɓar Legas tana da ƙarfi ko da rani, tana jan mutum ciki ba tare da ya ankara ba. A tsaya a bakin yashi a ɗauki hoto, ya wadatar.

Ga shugabannin ƙungiya, roƙona shi ne a ɗage tafiyar Apapa zuwa Nuwamba. Kuɗin da muka tara da ƙyar bai kamata ya ƙare muna zaune cikin bas muna kallon ruwa ta taga ba. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya.