Yadda Abokai Biyu Ke Bin Gaɓar Bahar Rum da Jaka a Baya

A kudu maso yammacin Turkiyya, inda duwatsu ke gangarowa har bakin Bahar Rum, akwai wata hanyar ƙafa da Turkawa ke kira Likya Yolu. Tsawonta ya haura kilomita 500, daga kusa da garin Fethiye zuwa kusa da Antalya. Wata Baturiyar Ingila mai suna Kate Clow ce ta bi tsofaffin turbobin makiyaya da na fatake ta haɗa su, aka buɗe hanyar a 1999. Wanda ya dage sai ya taka ta duka, kusan wata guda zai yi. Abokai biyu masu hutun mako biyu kuwa ba sai sun kashe kansu ba. Su zaɓi inda ya fi kyau su taka, sauran su shiga mota, su bar wa teku da abinci lokacinsu. Abin da ke sa irin wannan tafiya ta yi daɗi shi ne tsari, kuma rabin tsarin a gida ake yin sa, tsakanin mutum da abokinsa.

Mataki na farko: ku gama magana kafin ku ɗaura kaya

Yawancin saɓanin matafiya a kan kuɗi da sauri yake tasowa. Wani na son gasasshen kifi kullum, wani burodi da shayi sun ishe shi. Wani ya fi son fita da asuba, wani sai hantsi ya dubi ludayi. Saboda haka ku zauna tun kafin sayen tikiti ku buɗe asusu ɗaya. Kowa ya zuba daidai da ɗan'uwansa, ɗaya ya zama ma'aji, daga nan za a riƙa biyan masauki da mota da abincin da aka ci tare. Tsaraba da kwaɗayin kai, kowa da aljihunsa. Ɗayan kuma ya riƙe taswira da neman masauki. Ku kuma yarda da doka ɗaya: a kan dutse, saurin wanda ya fi gajiya shi ne saurin tafiya. In ɗaya ya ce, "Mutumina, yau ƙafata ta ƙi," to ranar ta zama ta teku, babu gori.

Mataki na biyu: lokaci da takardu

Ku nufi Afrilu zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta zafi kan kai digiri 40, rijiyoyin hanya su ƙafe, masaukai su cika, kuɗin komai ya tashi. A Afrilu tsaunuka sun yi kore amma ruwan teku da sauran sanyi. A Oktoba ciyawa ta bushe amma teku ya sha ranar bazara ya yi ɗumi, rumman kuma ya nuna. Masu son wanka sun fi zaɓar na biyun.

Ku nemi biza da wuri, ku tabbata fasfo na da sauran wa'adi mai tsawo, ku yi inshorar lafiya ta matafiya. Jirgi zai sauke ku a Istanbul, daga nan ku hau na cikin gida zuwa Dalaman, filin da ya fi kusa da Fethiye. Tikitin dawowa ku yanke shi daga Antalya, don kada ku sake komawa baya. Ku riƙe lira, kuɗin ƙasar, a hannu, domin a ƙauyukan tudu ba ko'ina kati ke aiki ba. Lambar neman agaji 112 ce.

Mataki na uku: ɗaurin kaya

Duk abin da ka sa a jaka, kai za ka hau dutse da shi. Ku yi ƙoƙari kada jakar kowa ta wuce kilo 10. Riga uku marasa nauyi, wando biyu, rigar sanyi ɗaya, hular rana, kayan wanka, tawul ƙarami, fitilar goshi, da siririyar darduma. Takalmin tafiya ya zama wanda ƙafa ta saba da shi, domin duwatsun wurin masu kaifi ne, sabon takalmi kuwa kwana ɗaya ya isa ya fasa dunduniya. Ku ƙara takalmin roba na shiga ruwa. Abin da za a iya rabawa kada a ninka shi: akwatin magani ɗaya, caja ɗaya, sabulu ɗaya, wuƙa ɗaya. Tanti ba dole ba ne, tunda kusan kowane ƙauye na da ƙaramin masaukin iyali da suke kira pansiyon, inda ake ba da ɗaki da karin kumallo, sau da yawa har da abincin dare.

Mataki na huɗu: ku fara da ciki a Fethiye

Ku ba Fethiye kwana biyu. In kun dace da Talata, ranar babbar kasuwa ce, a nan za ku sayi guzurin hanya: zaitun, cuku, busasshen ɓaure, zabibi, gyaɗa da zuma. Ɗanɗanawa kafin saye ba abin kunya ba ne, masu kayan da kansu ke miƙo maka.

Da daddare ku je kasuwar kifi. Masu kifi na tsakiya, gidajen abinci sun kewaye su. Sai ku zaɓi kifinku a kan tebur, ku duba idonsa ya zama garau, a auna a gabanku, ku biya. Daga nan ku nuna gidan da kuke so, a kai musu su gasa, su kawo da salak da burodi, ku biya ladan gashi. Kifaye biyu da aka fi samu su ne levrek da cipura, duka farin nama ne mai laushi. Ku sayi ɗaya ɗaya ku raba, kowa ya ji na kowa.

Kashegari ku gwada ƙafa da ɗan gajeren zango zuwa Kayakoy, kufan garin da Girkawa suka bari a 1923 lokacin musayar al'umma tsakanin Turkiyya da Girka. Ɗaruruwan gidajen dutse na nan tsaye a gefen tudu babu rufi. Daga can akwai turba mai gangarawa zuwa bakin tekun Oludeniz.

Mataki na biyar: tsarin yini a kan hanya

Hanyar ta fara ne daga Ovacik, a saman Oludeniz. Alamarta layi biyu ne na fenti, fari da ja, a jikin dutse ko itace. In kun ga jan gicciye, kun kauce, ku koma. In kun daɗe ba ku ga alama ba, ku koma ta ƙarshe da kuka gani maimakon yanke daji. Ku sauke taswirar a waya tun kuna da intanet.

Ku fita bayan sallar asuba, ku taka awa huɗu zuwa shida, ku sauka kafin rana ta take. La'asar ta teku ce, dare na abinci. Kowa ya ɗauki ruwa lita biyu zuwa uku. Masallatan ƙauyuka na da famfon alwala a waje, a nan matafiya ke cika gora, a nan kuma za ku yi sallarku ta kasaru ku huta a inuwa. Ruwan tsofaffin rijiyoyin hanya kada a sha sai an tace ko an tafasa. In kun haɗu da garken awaki, ku kewaye shi nesa kaɗan saboda karnukan makiyaya, kada ku gudu, ku yi wa mai garken magana ya kira su.

Zangon farko daga Ovacik zuwa Faralya yana bin gefen tsaunin Babadag, teku na ƙasa, masu lema na shawagi a sama. A ƙarƙashin Faralya akwai Kwarin Malam-buɗe-littafi. Kada ku sauka ta dutse, turbar mai haɗari ce, ta ci rayuka. A je ta kwalekwale daga Oludeniz. Zango na biyu gajere ne, zuwa Kabak. Inda hanya ta faɗa cikin rumfunan leda na noman tumatir, wajen Kinik, ku tsayar da dolmush, ƙaramar motar haya, ku tsallake. Amma ku sauka ku ga kufan Ksantos da Letoon, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1988.

Mataki na shida: yadda ake ci da kyau ba tare da an zubar da kuɗi ba

Karin kumallon Turkawa shi ne ginshiƙin yini. Za a jera muku burodi, farin cuku, zaitun baƙi da kore, tumatir, kokwamba, ƙwai, zuma, man shanu, da shayi a ƙaramin kofin gilashi. Ku ci sosai, shi zai kai ku azahar. In shayi ya ishe ku, ku kwantar da cokali a bakin kofin, mai gida zai gane.

Da rana ku nemi inda mata ke zaune a ƙasa suna murza ƙullu. Gozleme suke yi: a murza fulawa ta yi siriri, a zuba cuku da alayyafo ko dankali ko niƙaƙƙen nama, a ninke, a gasa a kan faffaɗan kaskon ƙarfe. Ana kora shi da ayran, wanda za a iya cewa kindirmo ne da aka dama ya tsinke aka sa masa ɗan gishiri. Bayan doguwar tafiya cikin gumi, jiki na karɓar sa fiye da lemun kwalba.

A gari, ku bar layin farko na bakin ruwa, inda ake biyan kuɗin kallo tare da na abinci. Ku shiga lungu biyu ko uku ku nemi lokanta, gidan abincin da leburori da direbobi ke ci. Tukwane na jere a bayan gilashi, sai ka nuna da yatsa: farin wake a miyar tumatir, shinkafa, gautan Turawa da nama, ko miyar mercimek, wani ƙaramin jan wake da ake matsa wa lemun tsami. Da dare a gwada pide, burodi mai siffar kwalekwale da ake gasawa da nama ko cuku, ko kofte, wato dunƙulen nama a kan gawayi.

Amfanin zama biyu a nan yake fitowa. Kada ku yi odar abu iri ɗaya. Ku kira ƙananan farantai na meze guda uku ko huɗu da babban abinci ɗaya, ku sa a tsakiya. Naman alade da wuya a gamu da shi, amma gidajen bakin ruwa da yawa na sayar da giya, musamman wadda suke kira raki. Wanda bai son zama a wurin, lokanta da gidajen pide sun wadatar. Kifi kuwa da kilo ake sayar da shi, ku ji kuɗin kafin ya hau wuta, ku kuma tambaya ko farantan da aka ajiye ba ku nema ba kyauta ne.

Mataki na bakwai: kowane bakin teku da halinsa

Wanda bai iya iyo ba ya fara da tafkin Oludeniz, inda ruwan ke kwance kuma ba zurfi a gefe. Kabak tsakuwa ne da yashi a cikin kwari, babu hayaniya. Patara yashi ne mai laushi na kimanin kilomita 18, ana shiga ta cikin kufan tsohon birni. Kunkurun teku na zuwa su binne ƙwai a wurin da bazara, shi ya sa ake rufe shi da dare a lokacin, kuma ba a kafa lema inda aka killace. Kaputash, tsakanin garuruwan Kalkan da Kash, sai an sauka matakala kusan 190, ruwansa shuɗi ne mai haske, amma yana zurfi nan da nan, igiyarsa kuma kan yi ƙarfi. A Kash babu yashi sosai, daga kan dutse ake bin tsani a shiga ruwa, a nan takalmin roba ke kare ƙafa daga wata halitta mai ƙaya da ke maƙale a duwatsu. Daga ƙauyen Ucagiz ku shiga kwalekwale zuwa tsibirin Kekova ku ga bangaye da matakalan garin da girgizar ƙasa ta nutsar. An hana iyo a kan kufan, kallo kawai ake yi.

Dokar abokai a bakin ruwa ita ce a shiga bi da bi: ɗaya na ciki, ɗaya na gadin fasfo da waya, idonsa kuma na kan ɗan'uwansa. In an ɗaga jar tuta, ba a shiga. Mai son suturta jiki ba zai zama baƙo ba, domin Turkawa mata da yawa na wanka da cikakkiyar rigar ruwa, ana kuma sayar da ita a shaguna.

Mataki na takwas: rufe tafiya

Ku ajiye kwana biyu don Cirali, ƙauye mai gonakin lemu da dogon bakin teku da ya haɗe da kufan Olimpos. Bayan magariba ku ɗauki fitila ku hau tudun Yanartash, inda iskar gas ke fitowa daga tsagar dutse tana ci da wuta, shekaru dubbai ke nan. Daga nan mota za ta kai ku Antalya. Ku zaga tsohon gari, ku bi ta Ƙofar Hadriyan da aka gina a shekara ta 130, ku ga hasumiyar Yivli ta zamanin Saljuƙawa a ƙarni na 13. Abincin ban kwana shi ne kofte da piyaz irin na Antalya, farin wake da aka kwaɓa da markaɗen riɗi da lemun tsami, aka yanka masa ƙwai da albasa.

A wannan teburin ma'aji zai fito da littafinsa. A karanta abin da aka kashe, a raba ragowar biyu, wanda ake bi ya biya nan take kafin a nufi filin jirgi. Lissafin da aka bari sai an koma gida shi ke zama ƙorafi. In an gama, mai taswira ya yi alama a zangunan da aka tsallake, irin su hasumiyar fitilar Gelidonya da tsaunin Tahtali mai sama da mita 2,300, domin a san inda za a ɗora in Allah ya sake haɗa hutu da guzuri.